Marubucin Hangari da ya riƙe harshensa a gudun hijira

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Agege, kuma ina rubuta gajerun labarai da Hausa, amma abokaina suna cewa in koma Turanci tunda a Legas nake zaune. An ba ni labarin wani marubucin Hangari da ya ƙare rayuwarsa a ƙasar waje yana rubutu da harshen da maƙwabtansa ba sa ji. Wane ne shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sándor Márai ke nan, wanda aka haifa a shekarar 1900 a garin Kassa, da yanzu yake cikin Sulobakiya da sunan Košice. Yana cikin fitattun marubutan Budapest, babban birnin Hangari, lokacin da 'yan kwaminis suka ƙwace mulki, sai ya bar ƙasar a 1948, ya zauna a Italiya da Amurka, bai sake taka ta ba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne, ya iya Jamusanci sosai, domin da shi ya yi wa jaridu rubutu tun yana saurayi, amma bai yarda ya sauya alƙalaminsa ba. Sannan ya hana a buga littattafansa a gida muddin sojojin Tarayyar Sobiyet suna ƙasar, wato da hannunsa ya raba kansa da mutanen da suka fi kowa iya karanta shi. Wannan matsayi ya ci masa tsada. Matarsa ta rasu a 1986, ɗan da suka riƙa ya bi ta a 1987, shi kuma cikin tsufa da kaɗaici ya kashe kansa a birnin San Diego na Amurka a watan Fabrairun 1989, watanni kaɗan kafin mulkin da ya guje wa ya rushe.

Bayan rasuwarsa, Hangari ta ba shi babbar lambar yabonta ta al'adu, wato Kossuth, a 1990. A 1998 aka buga a Italiya fassarar littafinsa na 1942, labarin tsofaffin aminai biyu da suka haɗu bayan shekara 41, daga nan duniya ta waiwaye shi.

Kai kuwa, Malam, halinka ya fi nasa sauƙi nesa ba kusa ba. A ƙasarka kake, kuma masu jin harshenka sun cika Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12. Shawarata ita ce ka ci gaba da Hausa, ka fara da karanta wa waɗannan mutanen labaranka.