Wace salansa zan ɗaura wa Challenger ɗina?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi Dodge Challenger R/T ƙirar 2014, inji 5.7, giya otomatik. Motar ba ta da laifi, sai dai muryarta ta yi min sanyi, kamar ba silinda takwas ba. Mai walda ya ce ya yanke tukunyar salansar ya zura bututu miƙe, abokina kuma ya ce in yi odar Flowmaster ko Borla daga Amurka. Wanne zan bi, kuma ƙarfi zai ƙaru? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya sa alheri. Ka dakatar da mai waldar nan tukuna.

Akwai abu ɗaya a injinka da ya kamata ka sani kafin ka kashe ko sisi. Injin HEMI 5.7, wato irin naka, idan mai giya otomatik ne yana da tsarin da ake kira MDS: da zarar ka hau titi ka daidaita gudu, sai kwamfutar motar ta kashe silinda huɗu don rage shan mai. Salansar kamfani an yi ta ne ta haɗiye wannan canjin, shi ya sa ba ka taɓa jin sa ba. Ranar da aka yanke tukunya za ka ji shi. Muryar da ta burge ka a gareji sai ta koma wani ɓarɓar kamar jirgi mai saukar ungulu, ga kugi da ke cika cikin mota, yawanci tsakanin juyi 1,500 da 2,000 a minti, daidai inda allurar ke zama a doguwar tafiya. Daga Kaduna zuwa Abuja da wannan kugin a kunne, kafin Jere kanka ya fara sarawa, uwargida kuwa ba za ta sake shiga ba. Don haka kada ka auna salansa da take totur a tsaye. Ka nemi mai irin motarka da ya ɗaura wadda kake so, ka shiga ku rufe gilashi, ya riƙe kilomita 100 a awa na minti goma. Bidiyon waya ba ya ɗaukar kugi.

Kayan iri uku ne. Aksil-bak shi ne sauya abin da ke bayan gatarin baya kawai. A motar Ford Mustang yana canza murya sosai domin tukwanenta a can baya suke, amma a Challenger irin taka babbar tukunyar a tsakiyar mota take, na baya ƙanana ne masu tace amo. Kat-bak shi ne sauya komai daga bayan matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, har baki, kuma shi nake ba ka shawara. Na uku heda ne, wato bututan da ke maye gurbin manifol, ƙarfen da ke tattaro hayaƙin silinda a jikin inji. Dogayen su ne ke kawo ƙarfin da za ka ji a ƙafa, amma sai an sake saita kwamfuta, ga tsada, ga su suna sauka ƙasa inda tudun rage gudu ke jiran su. Motar yawo ba ta buƙatar su.

Batun ƙarfi kuwa, kada a yaudare ka. Motarka ta fito da ƙarfin doki 372. Abin da kat-bak zai ƙara ɗan kaɗan ne, kunne ne zai ce maka ta ƙara gudu. Bututu mai faɗin inci 2.5 ya ishi wannan injin. Inci 3 na injin da aka yi wa aiki ne.

Sunayen da abokinka ya kira duka na ƙwarai ne, amma ginin cikinsu daban. Flowmaster ta yi suna da tukunya mai ɗakuna da shingayen ƙarfe a ciki, muryarta mai kauri irin ta tsofaffin motocin Amurka, kuma samfuranta masu ƙara sun fi saurin kawo kugi. Akwai kuma wasu biyu da bai kira ba: MagnaFlow bututu ne mai huji-huji da aka naɗe da abin tsotse amo, muryarta a kwance take. Borla na da mataki uku, Touring da S-Type da ATAK, na ƙarshen nan zai tayar da unguwa da asuba. Corsa kuma kasuwarta kacokan a kan kashe kugi ta gina ta, farashinta ma ya san da haka. Da ni ne da mota mai MDS, tsakanin Corsa da Borla S-Type zan zaɓa. Ana iya kashe MDS da na'urar saiti, sai dai gidan mai zai riƙa ganinka akai-akai.

Ka duba lambar ƙarfen da aka ƙera salansar da shi. 304 ya fi jure tsatsa, 409 yakan yi ja a sama amma yana daɗewa kuma ya fi araha. Gishirin da ake zubawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara shi ke cin salansa, mu ba mu da shi, saboda haka 409 ya wadatar a Kaduna.

Kafin ka yi oda, ka sa a ɗaga motar a leƙa matatar hayaƙi. Motoci da yawa na isowa an riga an ƙwaƙule ta saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki. Idan taka tana nan, kada ka bari a taɓa ta: cire ta na kunna fitilar cek mai nuna matsalar inji, ya sa hayaƙi wari, ya ƙara wa kugin ƙarfi. Idan babu, kuɗin farko a nan za su tafi. Sannan ka tabbatar lambar kayan ta 5.7 ce ta shekarun 2009 zuwa 2014, domin an sake fasalin motar a 2015, kuma mayar da kwali mai tsayin mutum zuwa Amurka ba ƙaramin aiki ba ne.