Amsa kan zaɓen yawon sauka daga jirgin ruwa idan kuɗi bai da yawa

Malam, na karanta tambayarka cewa kai da uwargida za ku hau jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum, wanda zai tsaya a Civitavecchia da Napoli a Italiya, da Valletta a Malta, da tsibirin Santorini a Girka, da Kusadasi a Turkiyya, da Piraeus a Girka, amma kuɗin da kuka ware ba zai biya fiye da yawo biyu ba daga cikin waɗanda kamfanin jirgin yake shiryawa. Shawarata ita ce ka ajiye littafin tallar mai kyawawan hotuna, ka buɗe taswira, ka auna nisan kowace tasha da abin da kuke son gani, sannan ka duba awa nawa jirgin zai tsaya a wurin.

Dalilina shi ne, babban abin da mutum yake saye da tsadar yawon kamfani tabbaci ne. Idan bas ɗin kamfani ta makale a cunkoso, jirgi zai jira ta, ko kuma kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, idan ya makara, sai dai ya hangi jirgin ya yi nisa, kuma kuɗin masauki da na jirgin sama duk daga aljihunsa za su fito. Saboda haka a kashe kuɗin inda haɗarin makara yake da gaske.

Wuri na farko shi ne Civitavecchia, domin birnin Roma yana da nisan kusan kilomita 80 daga tashar. Akwai jirgin ƙasa mai araha da ke ɗaukar awa ɗaya da 'yan mintuna, na kuma sha hawansa, amma ban cika son shi ga wanda bai taɓa zuwa ba, saboda jinkiri da yajin aiki ba baƙin abu ba ne a can. Ka nemi mafi sauƙin yawon kamfanin, wato wanda bas za ta kai ku tsakiyar birni ta ajiye ku, ta dawo da ku da yamma ba tare da jagora ba. Tikitin Colosseum, tsohon filin wasan Romawa, ka saye shi da kanka ta intanet tun da wuri, domin kowane tikiti da lokacin shigarsa. Ka kuma duba ranar da za ku sauka, don gidajen tarihin Vatican a rufe suke ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata.

Na biyu shi ne Santorini, musamman idan tsayawar gajera ce. Manyan jirage ba sa isa gaɓa a can, da ƙananan jirage ake kwasar mutane, kuma waɗanda suka biya yawon kamfani su ake fara saukewa, a kai su inda bas ke jiran su zuwa ƙauyen Oia. Sauran fasinjoji ana ajiye su a gindin dutsen da garin Fira yake bisansa, sai dai su hau keken da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ko su taka matakala kusan 600. Na ga layin keken nan ya miƙe cikin rana tsaka a ranar da jirage da yawa suka haɗu, dattawa suna fifita da huluna, kowa idonsa a kan agogo. Ko da kun bi yawon kamfani, galibi ta keken za ku sauko, don haka ku shiga layi da sauran lokaci.

Ragowar tashoshin ba su cancanci wannan tsada ba. A Valletta jirgi yana tsayawa a gindin ganuwar birni, lif mai tsawon mita 58 zai haura da ku lambun Barrakka, daga nan kuma ko'ina da ƙafa ake zuwa. Daga Piraeus jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum tsakiyar Atina cikin kimanin minti 20, bayan 'yar tafiya daga bakin ruwa zuwa tasha. Napoli ma tashar tana cikin gari, kuma kufan birnin Pompeii, wanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, bai kai awa guda a jirgin ƙasa ba.

Kusadasi ce take bukatar ɗan tunani. Kufan tsohon birnin Afisa bai wuce kilomita 20 daga tashar ba, amma ba tare da mai bayani ba duwatsu kawai za ku gani. Ku haɗa kai da wasu fasinjoji kaɗan ku ɗauki jagora mai lasisi tun kafin tafiya, kuɗin zai ragu sosai idan aka raba. Ka tambaye shi a rubuce ko akwai tsayawa a shagon dardumomi ko na kayan fata, domin yawo mai araha sau da yawa a can yake cinye awa guda. Inuwa kaɗan ce a Afisa, ku je da sassafe da ruwan sha.

Duk ranar da kuka fita da kanku, ka ɗauki hoton ɗan allon da ake ajiyewa a bakin tsanin sauka daga jirgi, wanda ke nuna lokacin ƙarshe na komawa, yawanci rabin awa kafin tashi. Da agogon jirgi ake aiki, kuma wayarka za ta iya canza lokaci da kanta, tunda Girka tana gaban Italiya da Malta da awa ɗaya. Ka riƙe takardar jirgi ta ranar, domin a cikinta ake rubuta lambar wakilin jirgin a wannan tasha, ku kuma fara da wuri mafi nisa da safe, ku dawo kusa da tasha aƙalla awa biyu kafin lokaci.