Kar ka ce mata sikirin ne tukuna

Yarona na ga saƙonka tun la'asar, ina hanyar dawowa daga Ƙaura netwok shina ta wasa shi ya sa sai yanzu. Ka ce wata ɗalibar FCE ta kawo laftof ɗinta HP EliteBook 8460p, hoto shina rawa, wani lokaci layuka kore da ja su fito, wani lokaci ya yi fari fat, kana tambaya ko ka ce ta kawo kuɗin sabon sikirin mu aika Kano. Kar ka ce mata komai tukuna.

Wanga injin na 2011 ne, ka lissafa sau nawa anka buɗe murfinsa anka rufe tun kafin ya zo tokumbo ya faɗo Gusau. Tsakanin bod, wato babban allon da ke cikin injin, da sikirin akwai waya guda, fileks, ta cikin hinjis take bi, duk buɗewa sai ta lanƙwashe. Don haka kunna shi, ka kama murfin ka riƙa kai shi baya kana dawo da shi a hankali idonka na kan hoton. In ka ga a wani wuri ya gyaru tas, ka ƙara turawa kaɗan ya rikice, to wallahi kusan kullum fileks ne, ko ya sassauta a bakinsa ko ya fara yankewa. Ni nan da kake gani ina sabon buɗe shago na taɓa sa wani malamin makaranta ya biya kuɗin sikirin, munka aika Beirut Road a Kano, kwana biyu ina sintiri tasha ina jiran mota, na ɗaura, layukan nan suna nan daram kamar ban taɓa komai ba. Da na kwance hinjis sai ga waya ta cinye, jan ƙarfen ciki a waje. Daga aljihuna na mayar mishi da kuɗinsa, har yau in munka haɗu a masallaci sai ya yi min dariya.

Bayan nan ɗauko monitan da ke ƙarƙashin tebur ka jona. Kar ka tsaya neman kafar HDMI, wanga ba shi da ita, VGA gare shi da DisplayPort. Danna Windows da P ka zaɓi ya nuna a duka biyun. In monita ya fito garau laftof kaɗai ke hauka, matsalar tana sama, fileks ko sikirin. In kuma shi ma monitan ya ɗauki layukan, to ka bar murfi ya huta, ciwon yana ƙasa.

Ko a ƙasan ma kar ka ce bod. Kashe ka kunna kana danna F10 ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka zauna nan kamar minti biyar. In a nan lafiya lau sai Windows ta tashi rikici ya fara, direban hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa hoton, ka shiga safe mode ka cire shi ka sa wanda ya dace. Tsofaffin injinan nan da ake ɗora musu Windows 10 suna yin haka sosai bayan ofdet. In har a BIOS ɗin ma yana yi, zare ram, wato ma'ajiyar da injin ke aiki da ita yana kunne. Mafi yawansu na'urar hotonsu Intel HD 3000 ce, ba ta da ma'ajiyar kanta, daga ram take ara, ram in ya yi datti hoto sai ya farfashe. Goge haƙoransa da kilinar fensir, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Tunda ka buɗe ka leƙa fanka ma, ƙurar hunturun garin nan takan toshe ta ta zama kamar auduga, ga zafin Afrilu yana haura 40, ka hure ta ka canza fes, man nan da ake shafa wa cif don ya rage zafi. Ka kuma tambaye ta ko sai tana caji yake rawa, don cajar jabu a kan ƙaramin janareto ita ma tana sa haka, gwada da tamu ta shago.

Abu guda da ban yarda ka manta ba ko kana barci: kafin hannunka ya taɓa fileks ka zare caja, ka cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. In ka jona shi da wuta a jiki fiyus ɗin hasken sikirin ne zai tafi, ka kunna ka ga duhu, ka haska tocila ka hango hoto can ciki dishi-dishi. Ta kawo mai rawa ka mayar mata da makaho, mi za ka ce mata?

Shi sikirin in shi ne ba ya ɓuya. Layi guda siriri a tsaye wuri ɗaya, ka motsa murfi bai ko gezau, monita kuma garau, ko baƙin tabo kamar tawada ta zube inda anka danne shi cikin jaka. Wannan sai canji, kuma ka duba lambar da ke bayansa kafin mu yi oda, inci 14 ne mai fin 40 a bakin da fileks ke shiga, kar a turo mana mai 30.

Na san za ka ce ko a gasa cif ɗin hoto da bulowa mai hura iska mai zafi kamar yadda kake gani a YouTube. Wannan al'adar tun zamanin HP dv6000 da dv9000 ta samo asali, masu cif ɗin hoto na Nvidia da sunka riƙa mutuwa wajen 2008. Yakan tashi kam, ya yi sati biyu ko wata, sai ya koma, kwastoma ya dawo da faɗa a bakin shago. A shagona ba a yi sai an gaya wa mai kaya gaskiya ya ce ya ji ya gani.

Gobe in Allah ya kai mu ka fara da murfin, ka ɗauko min bidiyo kana motsa shi ka turo kafin in shigo. Sukurorin kuma ka zuba su a murfin gwangwanin nan, kar in zo in tarar da su a ƙasa kamar na rannan.