Amsa ga Alhaji: ƙasar da ke shanye zoɓonmu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na saurari tambayarka ta jiya, inda kake cewa wai wace irin ƙasa ce Meksiko da take ɗaukar zoɓonmu kwantena-kwantena, alhali labarin da kake ji a kanta bai wuce na 'yan ƙwaya da harbe-harbe ba. To bari in faɗi abin da na gani, tunda Allah ya sa na taka ƙasar.

Da farko dai mutane ne, Alhaji. Ƙidayar 2020 ta ba su miliyan 126. Duk duniya babu ƙasar da ta kai ta yawan masu magana da Sifaniyanci, har ita Sifen ɗin ba ta kai rabinta ba. Kuma zoɓon nan ba abin marmari ba ne a wurinsu. Suna ce masa hamaika. Ka shiga ƙaramin gidan abinci na gefen titi, za ka tarar da ƙatuwar kwalba a kan tebur cike da shi, ja wur, da ƙanƙara, ana kwasa da ludayi. Wallahi ranar da na fara gani sai da na tsaya, na tuna buhunan da ake lodi a Maigatari. Suna nomawa, amma bai isarsu, shi ya sa suke saye daga waje.

Maganar kuɗin saye kuma, suna da shi. Ƙasa ce ta masana'antu. Volkswagen na da kamfani a Fuwebla, Nissan a Aguwaskaliyentes, arewacin ƙasar wajen Montare kuwa masana'anta ce bayan masana'anta. Tun yarjejeniyar ciniki ta 1994 da Amurka da Kanada suka jingina da kasuwar Amurka, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suke fitarwa can yake tafiya. A 2023 ma sun wuce Sin wajen sayar wa Amurka kaya. Sannan 'yan ƙasar da ke aiki a waje sun turo gida sama da dala biliyan 60 a shekarar. Sai dai ni wannan jinginar tana ba ni tsoro, domin duk ranar da Amurka ta ƙara haraji a bakin iyaka, har mai sayen zoɓonmu sai ya ji a aljihunsa.

Kada kuma a ɗauka kowa a ofis yake. Fiye da rabin ma'aikatansu sana'ar hannu da talla da ƙananan rumfuna suke yi, ba rajista. Kudu, irin su Ciyafas da Wahaka, akwai talauci sosai. Matsalar 'yan ƙwaya gaskiya ce, ta ci rayuka masu yawa, ban raina ta ba, amma ta fi tsanani a wasu jihohi.

Babban birnin, Meksiko Siti, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutum sama da miliyan 20 ne da kewayensa. Jirgin ƙasansu na cikin gari tun 1969 yake aiki, layi 12, feso 5 na kuɗinsu na biya. Kowace tasha da hotonta, wata hoton ƙwaron fara, wata na tantabara, ko ba ka iya karatu za ka gane inda za ka sauka. Amma ruwa, Alhaji! A kan tsohon tafki aka gina birnin, ana ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuma yana nitsewa a hankali. Da idona na ga tsofaffin gine-gine sun karkace. Wani ruwan daga nisan fiye da kilomita 100 ake turo shi, a hau da shi tsauni, sannan mai yawa ya zube a fasassun bututu. A unguwar Istafalafa na ga mata sun jera bokitai da durom suna jiran tankar ruwa, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Game da kayan da za ka tura, tashar Berakurus ce ke ɓangarenmu na teku. Suna da tsauri a kan ƙwari, sun taɓa dakatar da zoɓon Najeriya saboda haka. Don Allah a bushe shi sosai, a tsince yashi da kara, a yi feshi yadda doka ta ce, takardu su cika kafin kwantena ta bar Legas. Sauran bayanin sai na kira ka bayan la'asar in sha Allah.