Tambaya da Amsa: Yaya za mu ɗumama 'yar tirelar kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka. Bara na sayi 'yar ƙaramar tirela ta hannu, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, mai gado da murhu a ciki, don mu riƙa fita shan iska da iyali. Muna shirin zuwa bakin Tafkin Sufiriya a watan Oktoba, an kuma ce mini da dare sanyi kan sauka kusan digiri 0. Uwargida ta ce mu tafi da kasko da gawayi kamar yadda muka saba a gida da hunturu, ni kuma na ce mu bar murhun gas yana ci kaɗan-kaɗan har safe. Yaranmu biyu. Wanne ya fi?

Mai karatu daga Mishigan

AMSA: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa, don girman Allah kada ku yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce na san inda shawararta ta samo asali, domin duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san daɗin jin ɗumin kasko da sanyin asuba. Amma ɗakunanmu na gida suna da tsawo, iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa, kuma duk da haka muna jin labarin iyalan da aka wayi gari ba su tashi ba saboda garwashi ko hayaƙin janareta. Ita kuwa tirelarka an liƙe kowace kafa tata da roba, ga mutum huɗu a ciki.

Abin da ke kisa iska ce da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma gawayi yana fitar da ita ko da hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jawur. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci ba zai ji komai ba, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a ƙasar, ban da na gobara. Murhun girki ma haka yake idan aka bar shi dare guda a rufaffen wuri.

Don haka kafin ka sayi ko bargo, duba na'urar gargaɗin wannan iska da ke cikin tirelar. Juya bayanta, za ka ga kwanan wata. Yawancinsu shekara 5 zuwa 7 suke yi su daina aiki, taka kuwa ta hannu ce. In ta tsufa ka sauya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar ɗumi. Shawarata ka kama wurin da ke da lantarki. Yawancin manyan sansanonin shaƙatawa na gwamnatin Mishigan suna da shi. Ƙaramar hita mai wat 1,500 ta ishi tirela irin taka. Da yake akwai yara, na fi son hitar lantarki irin wadda ke da mai a rufe a cikinta, wadda ba ta yin ja, ba ta kuma ƙara. A wutar Amurka mai bolt 120 tana jan amfiya 12.5, ƙananan tireloli kuwa yawanci amfiya 30 ne iyakarsu, saboda haka a kashe ta kafin a jona butar shayi. Ka sa hitar kai tsaye a soket ɗin bango, ban da doguwar waya, ka kuma bar tazarar mita guda tsakaninta da bargo ko labule.

In tirelar ta zo da tata hitar gas a jikin bango, wannan ana iya kwana da ita, domin wutarta a killace take, hayaƙin kuma waje yake fita. Sai dai fankarta batir take ci, kuma inda babu lantarki batir ɗaya na iya mutuwa kafin asuba. Leƙa mafitar hayaƙin daga waje tukuna: zanzaro yana son gina ɗakinsa a nan, ya toshe ta.

Za ka ga maƙwabta da hitar gas ta tafi-da-gidanka irin Mr. Heater Buddy. A kunna ta ana zaune ana hira, taga a buɗe kaɗan, a kashe kafin a kwanta. Ban da haɗarin iska, tana jiƙa ɗaki. Duk kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi, ga numfashinku ku huɗu. Da safe sai ka tarar bango da tagogi suna tsiyaya, bayan 'yan makonni funfuna ta kama ƙarƙashin katifa. Shi ya sa nake nanata wa mutane abin da ba sa son ji: komai sanyi, a bar 'yar tagar rufi a buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Busasshen ɗaki ya fi saurin ɗumi, bargo mai laima kuwa ba ya riƙe zafi.

Sauran aikin a gado yake. Bangon tirela siriri ne, sanyi kuma daga ƙasa yake hawowa, don haka shimfiɗa bargon ulu a ƙarƙashinku kamar yadda za ku rufa da wani a sama. A sa darduma mai kauri a daɓe, a rufe tagogi da labule mai nauyi tun magariba kafin ɗumin rana ya gudu. Yara su sauya kayan da suka yi wasa da su, su kwanta da busassun kaya, safa da hular sanyi. Jakar roba ta ruwan zafi, a naɗe da tawul, a sa musu wajen ƙafa. Ka cika filas da ruwan zafi tun dare saboda alwalar asuba, ka kuma cire tiyon ruwan da ke waje ka zazzage shi, domin shi ne farkon daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0.

Kafin tafiyar, ku zaɓi dare mai sanyi ku kwana a cikinta a ƙofar gida. A nan za ka gane ko batirin na kaiwa safe, da tagar da ke shigo da iska, da ko barguna sun isa. In wani ya tashi da ciwon kai, ko na'urar ta yi ƙara, kowa ya fita waje nan take, sannan a kira lambar gaggawa ta 911. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.