Ta yaya ake sanin yawan fasinjoji tun ba a shimfiɗa layin dogo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nakan ji ana cewa sabon jirgin ƙasa tsakanin birni kaza da birni kaza zai riƙa ɗaukar fasinja miliyan kaza a shekara, alhali ko ƙarfe ɗaya ba a kafa ba. Lissafi ne ko shaci-faɗi?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Lissafi ne, kuma tsarinsa ya samo asali ne daga binciken sufuri da aka yi a biranen Detroit da Chicago na Amurka a shekarun 1950. Ana fara duba yawan jama'ar kowane yanki da ayyukan da ke sa su tafiya, sai a ƙiyasta inda za su nufa. Babban birni yakan jawo matafiya da yawa, nisa kuma yakan rage su.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓin abin hawa: mota, bas, jirgin ƙasa ko na sama. A nan aikin masanin tattalin arziki Daniel McFadden kan yadda mutane ke yin zaɓi ya shigo, wanda ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Matafiyi yana auna kuɗi da lokaci, kuma lokacin daga ƙofar gidansa yake farawa. Zaman jira a tasha ya fi masa ciwo a kan zaman cikin jirgi. Saboda haka in aka ƙara yawan tashi a rana, jira ya ragu, sai fasinjoji su ƙaru, har da waɗanda a da ba su da niyyar tafiyar. In aka rage kuwa, su watse, kamfani ya sake ragewa. Ni a ganina duk lissafin da ya ɗauki yawan matafiya a matsayin adadi tsayayye, wanda ba ruwansa da yawan jiragen da aka zuba, bai cika ba.

Kuma ki sani, masu hasashen kan zarce gona da iri. Binciken da Bent Flyvbjerg, masani kan tsara manyan ayyuka, da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin kowaɗanne ayyukan jirgin ƙasa 10, an kumbura adadin fasinjoji a 9. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a kan waɗannan alƙaluma ake cin bashi, jama'a su biya. In kin ji irin wannan adadi, ki tambaya wa ya ɗauki nauyin lissafin, kuma sau nawa aka ce jirgin zai tashi a rana.