Tsohuwar tashar jirgi ba gadon gidanku ba ce

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru. Tsohuwar tashar jirgin garinmu ta zama kango, awaki ke kwana a ciki. Ina so in zuba naira miliyan 8 in gyara ta, ta zama wurin yawon buɗe ido. Ɗan baffana da ke aiki a ƙaramar hukuma ya ce in fara kawai, zai ji da takardu. Har na sayi kwanon rufi. Nawa zan sa kuɗin shiga?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar kuɗin shiga tukuna. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne "zai ji da takardu". Waɗanne takardu? Tashar nan ba ta ƙaramar hukuma ba ce, ba ta dagaci ba ce. Ginin da filin da ke kewaye da shi mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma tana da kamfaninta na musamman mai kula da filaye da gine-ginenta, shi ke ba da haya. Ɗan baffanka, ko da zuciyarsa fara ce tas, ba shi da ikon ba ka ko taku ɗaya a wurin. Kyauta yake yi maka da kayan wani.

Na san wani bawan Allah da ya gina shaguna shida a filin wata hukuma bisa maganar surukinsa. Shekara uku yana karɓar haya. Wata safiya ya tarar an shafa jan fenti a bango, bayan 'yan makonni katafila ta zo. Na same shi tsugune yana tsintar ƙofofin ƙarfe daga cikin ɓaraguzai, su kaɗai ya tsira da su. Surukin ya ce shi ma bai san za a yi haka ba, kuma gaskiya ya faɗa. Har yau ba sa ga-maciji.

Tunaninka kuwa yana da kyau, shi ya sa nake maka faɗa. Layin nan ya isa Nguru a 1930, gyaɗa ce ta kai shi, kuma tsofaffin garinku suna da labarin dako da sikeli da ba a rubuta ba. A Ebute Metta da ke Legas, an gyara wani tsohon gidan reluwe, Jaekel House, ya zama ƙaramin gidan tarihi, amare da angwaye na zuwa ɗaukar hoto. Amma waɗanda suka gyara shi da amincewar hukumar suka yi.

Ka kuma cire mafarkin Turawa a ranka. Masu zuwa kallon tsuntsaye a fadamun Hadeja da Nguru ba za su cika maka aljihu ba. Masu zuwa wurinka 'yan makaranta ne, da masu hoton biki, da yara ranar sallah. Mu ce mutum 100 a mako, kowa naira 300: kusan miliyan ɗaya da rabi ke nan a shekara, kafin ka biya maigadi. Miliyan 8 ɗinka ba za ta dawo ba sai bayan shekara biyar da ɗoriya. Ka ga ashe hayar da ba ta kai shekara goma ba, ba ta da amfani a gare ka, balle maganar fatar baki.

Mayar da kwanon nan sito. Ka rubuta takardar neman haya da sunanka, ka kai ofishin hukumar da ƙafarka, kada ka aiki kowa. Idan sun amince, lauyanka ya duba abu uku: shekarun hayar, izinin taɓa ginin, da abin da za a biya ka in jirgi ya dawo suka buƙaci tasharsu. Duk kuɗin da za ka biya ya shiga asusun gwamnati, ka riƙe rasit. Sannan ka fara da miliyan ɗaya: shara, fenti, benci, rumfar mai shayi. Tsohon sikeli da allon sunan tasha kada ka bari mai fenti ya taɓa su, su mutane za su zo gani. Sauran kuɗin ka bar su a hatsi har sallah biyu ta wuce, ka ƙirga waɗanda suka shigo.